WILIYAM SHEKISFIYA (1564–1616): UBAN 'YA'YA MATA DA YA RUBUTA ROMIYO DA JULIYET

 Ina godiya ga kwamitin mujalla da ya ba ni filin tarihi na wannan fitowa. An saba a wannan fili a kawo tarihin sarakuna da malamai na ƙasarmu. Ni kuwa sai na zaɓi wani Bature wanda ya bar duniya fiye da shekara 400 da suka wuce, bai taɓa jin sunan Daura ba balle Babban Mutum, amma ya hana da yawa daga cikinmu barci lokacin da muke aji huɗu. Ina nufin Wiliyam Shekisfiya, mai littafin Romiyo da Juliyet.

Na tabbata 'yan ajinmu ba su manta ba. Lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, tun kafin a yanke Jihar Katsina a 1987. Littafi guda ne ga mutum uku, Turancinsa kuma ba irin wanda muka saba ba ne, sai an bi shi layi-layi da ƙamus. Malaminmu na adabin Turanci, Allah Ya saka masa da alheri, yakan tsaya gaban allo ya yi ta bayani har alli ya ƙare masa a hannu. Mun haddace abin da za mu haddace, mun rubuta jarrabawa, mun watse. Amma mutumin da ya rubuta littafin, ban da hotonsa mai sanƙo da ke jikin bango, ba mu san kome game da shi ba. Ni ma ban nemi sani ba sai da girma ya zo, wani al'amari ya same ni a gidana, wanda zan ba ku labarinsa a ƙarshe. Shi ya sa na koma na bi tarihin mutumin, ga kuma abin da na samu.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Shekisfiya a garin Stratford da ke bakin kogin Avon a tsakiyar Ingila, cikin watan Afrilu na 1564. Littafin cocin garin ya nuna an yi masa baftisma ranar 26 ga watan, shi ya sa aka saba ɗaukar ranar 23 a matsayin ranar haihuwarsa. Stratford ɗan garin kasuwa ne, mutanensa ba su wuce 2,000 ba. Ubansa, John, baduku ne, sana'arsa jima da ɗinkin safar hannu ta fata, yana kuma taɓa cinikin gashin tumaki. Uwarsa, Mary Arden, 'yar wani manomi ce mai hali a ƙauyen Wilmcote, ta kuma gaji gona daga ubanta. Wiliyam shi ne na uku cikin 'ya'ya takwas, yayyensa mata biyu sun rasu tun suna jarirai. Yana da wata uku a duniya annoba ta shiga garin ta kashe fiye da mutum 200, Allah Ya sa yana da sauran shan ruwa.

Domin mu gane zamanin da ake magana, shi ne zamanin Mai Idris Alauma a Barno, kuma zamanin da sojojin Maroko suka karya daular Songhai a 1591. Shekisfiya sa'an Shehu Ahmad Baba na Timbuktu ne, wanda aka haifa a 1556. Tsakanin haihuwarsa da ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo shekara 190 ne.

Da farko duniya ta yi wa John daɗi. Ya shiga majalisar gari, a 1568 kuma ya zama shugabanta, wato kamar magajin gari. Wannan matsayi ya ba 'ya'yansa damar shiga makarantar garin kyauta, kuma masana tarihi sun tafi a kan cewa a can Wiliyam ya yi karatu. Makarantun wancan lokaci ba wasa: tun da asuba har yamma, kwana shida a mako, Latin ake koyo da hadda, ga bulala a hannun malam. Duk wanda ya yi makarantar allo zai gane irin wannan zama. Cikin littattafan da ake karantawa akwai na wani mawaƙin Rum mai suna Ovid, a ciki kuwa akwai labarin saurayi da budurwa maƙwabta waɗanda iyayensu suka hana su aure, suna zance ta tsagar katanga, daga baya kuskure ya yi ajalinsu duka biyu. Ku riƙe wannan labari, za mu sake cin karo da shi.

Wiliyam yana ɗan shekara 12 ko 13 al'amuran ubansa suka fara juyawa. Bashi ya yi wa John katutu, ya jinginar da gonar matarsa a 1578, bai kuma iya fansarta ba. Ya daina zuwa majalisa har aka cire shi a 1586. A 1592 sunansa ya fito cikin jerin waɗanda suka ƙaurace wa coci don tsoron kada masu bin su bashi su kama su. Saboda haka yaron ya ga girman gidansu, ya kuma ga zubewarsa da idonsa, jami'a kuwa bai taka ba.

Aurensa

A watan Nuwamba na 1582, yana ɗan shekara 18, ya auri Anne Hathaway, 'yar wani manomi a ƙauyen Shottery, wadda ta girme shi da shekara takwas. An yi auren cikin gaggawa da takardar izni ta musamman, wata shida bayan haka aka haifi 'yarsu ta fari, Susanna, a watan Mayu na 1583. Mai hankali ya fahimci dalilin gaggawar. A Fabrairu 1585 suka sami tagwaye, namiji da mace, Hamnet da Judith. Ashe ke nan mutumin da ya rubuta labarin auren gaggawa na yara shi ma ya ɗanɗana nasa: bai cika shekara 21 ba yana da mata da 'ya'ya uku a gidan uban da bashi ya danne.

Daga nan sai ya yi abin da samarinmu ke yi in damina ta wuce, ya tafi cin rani, sai dai nasa cin ranin ya kai fiye da shekara 20. Ya bar iyali a Stratford ya nufi Landan, tafiyar kimanin mil 100, wato ta ɗan ɗara tsakanin Daura da Kano. Can ya shiga sana'ar wasan kwaikwayo, sana'ar da dattawan birnin ke yi wa kallon aikin 'yan iska. A 1592 ya riga ya yi sunan da ya tsone wa wasu ido, har wani marubuci mai digiri, Robert Greene, ya zage shi a rubuce, yana ganin ɗan wasa wanda bai je jami'a ba ya yi shisshigi da ya shiga layin marubuta.

Annoba da kafa ƙungiya

Ana cikin haka annoba ta sake ɓarkewa. Daga 1592 zuwa 1594 hukuma ta rufe gidajen wasa kusan gaba ɗaya, a 1593 kawai cutar ta kashe fiye da mutum 10,000 a Landan. Gidan da aka sami mai cutar sai a kulle shi da duk wanda ke ciki. Da ya ga hanyar abinci ta toshe, Shekisfiya ya koma rubuta dogayen waƙoƙi, ya buga biyu a 1593 da 1594, ya sadaukar da su ga wani matashin basarake mai sarautar Southampton. Da aka buɗe gidajen wasa a 1594 sai ya haɗa jari da abokansa, cikinsu har da Richard Burbage gwanin fitowa a manyan matsayi da Will Kemp gwanin barkwanci, suka kafa ƙungiya a ƙarƙashin inuwar wani babban bafaden Sarauniya Elizabet. Shi ne marubucinsu, yana fitowa a wasa, kuma yana da kaso cikin ribar ƙofa. Da wannan ƙungiya ya zauna har ƙarshen aikinsa.

Yadda ya rubuta littafinmu

Wajajen 1595 ya rubuta Romiyo da Juliyet. An fara buga shi a 1597, aka sake buga wanda ya fi cika a 1599. Abin da ba mu sani ba muna makaranta shi ne, labarin ba ƙirƙirarsa ba ne. Tsohon labari ne na Italiya, Luigi da Porto ya rubuta shi wajajen 1530, Matteo Bandello ya sake rubutawa a 1554, aka juya shi zuwa Faransanci, daga nan wani Arthur Brooke ya mai da shi waƙar Turanci mai layi kimanin 3,000 a 1562. Waƙar Brooke ce Shekisfiya ya ajiye a gabansa. Shi kuma labarin na Italiya, in an duba, jika ne ga wancan na masu zance ta tsagar katanga.

Abin lura shi ne abubuwan da ya canza. A wurin Brooke labarin ya ɗauki wata tara, shi kuwa ya matse shi cikin kwana biyar, daga safiyar Lahadi zuwa asubar Alhamis, ta yadda ba wanda ya sami sukunin tsayawa ya yi tunani. A wurin Brooke yarinyar ta kusa shekara 16, shi ya mai da ita 13, kusan shekarun 'yarsa Susanna a lokacin. Babban canjin kuwa shi ne wajen ɗora laifi. Brooke ya buɗe littafinsa da gabatarwa yana ɗora wa yaran laifin bin son zuciya da ƙin jin maganar iyaye. Shekisfiya ya buɗe nasa da faɗan barorin gidan Kafulet da na gidan Montegu a kan titin birnin Berona, ya rufe da tsofaffin biyu tsaye a kan gawar 'ya'yansu suna miƙa wa juna hannu. Tun daga farko har ƙarshe ba wanda ya faɗi abin da ya haɗa gidajen biyu gaba. An gaje ta ne kawai kamar yadda ake gadon gona. Kafin a yi sulhu rai shida ya salwanta: Markushiyo, Taibalt, Faris, Romiyo, Juliyet, da uwar Romiyo wadda baƙin cikin korar ɗanta ya kashe.

Annobar da ya gani da idonsa ma ta shiga labarin. Kun tuna wasiƙar da limamin coci ya aika wa Romiyo a Mantuwa don ya sanar da shi cewa Juliyet barci take yi, ba mutuwa ba? Abin da ya hana ta isa shi ne an kulle ɗan saƙon a wani gida da ake zargin akwai cutar. Muna yara mun ɗauki wannan wuri a matsayin dabarar marubuci da ba ta zauna ba. Sai da muka ga kulle na 2020 muka gane cewa ga mutanen Landan na wancan lokaci abu ne da suka sha gani.

A zamaninsa mata ba sa hawa dandamali, yara maza ke fitowa a matsayinsu. Saboda haka abin da muka yi a ranar ba da kyaututtuka, da muka ɗaura wa wani ɗan ajinmu mai siririyar murya zani da ɗankwali na aro ya fito a Juliyet, ashe kan ƙa'ida muke. Ba zan ambaci sunansa ba, yanzu dattijo ne mai jikoki, amma ya san kansa. Ni kuwa aka shafa mini garin alli a haɓa aka ba ni matsayin tsoho Kafulet. Na yi ta buga sanda a ƙasa ina yi wa 'yata barazanar kora in ba ta auri wanda na zaɓa mata ba, 'yan kallo suna ta dariya, ni ma ina jin daɗi.

Rashin ɗa da samun dukiya

Ba a daɗe da fara nuna wasan ba abin da ya rubuta ya faɗo gidansa. Ranar 11 ga Agusta 1596 aka binne ɗansa namiji tilo, Hamnet, yana da shekara 11. Wata biyu bayan haka hukuma ta ba tsoho John tambarin gida irin na masu daraja, abin da ya nema tun shekara 20 baya ya bari saboda talauci. Girman da gidan ya rasa ya dawo, amma ɗan da zai gaje shi yana ƙasa.

Daga nan dukiya ta yi ta shigowa. A 1597 ya sayi New Place, gida na biyu wajen girma a Stratford. A ƙarshen 1598 ƙungiyarsu ta sami saɓani da mai filin da gidan wasansu yake kai, suka kwance katakon ginin, aka ƙetare da shi kogin Thames, aka gina gidan wasa na Globe a 1599. Yana ɗaukar mutum wajen 3,000, talaka ya biya kwabo ɗaya ya tsaya a fili, mai hali ya ƙara kuɗi ya zauna a rumfa. A 1602 ya sayi gona eka 107 a kan fam 320, a 1605 ya zuba fam 440 cikin haƙƙin karɓar ushirin amfanin gona na yankin garinsu. Duk abin da ya samu a birni gida yake kaiwa. Ya san zafin bashi tun yana yaro, bai yarda ya bi sawun ubansa ba.

Da Sarauniya Elizabet ta rasu a 1603, Sarki James ya ɗauki ƙungiyar ta zama tasa. A waɗannan shekaru ne ya rubuta manyan wasanninsa masu ban tausayi: Hamlet wajajen 1600, sannan Otelo, da Sarki Liya, da Makbes. Wanda ya bi su a hankali zai ga maganar uba da 'yarsa tana ta dawowa. A Otelo akwai uban da ya ƙi mijin da 'yarsa ta zaɓa. A Sarki Liya akwai tsohon da ya kori 'yar da ta fi son sa don ta ƙi yi masa daɗin baki, bai gane kurensa ba sai da lokaci ya ƙure. A wasanninsa na ƙarshe kuwa sai ka ga uba da 'ya sun rabu, sun sake haɗuwa, an yafe wa juna. Ranar 29 ga Yuni 1613 gidan Globe ya ƙone ƙurmus sanadin bindigar da aka harba cikin wasa, wutar ta kama jinkar ciyawa. Wajajen wannan lokaci ya ajiye alƙalami ya koma gida.

Da abin ya zo kansa

Susanna ba ta ba shi wahala ba. A 1607 ta auri wani likita mai mutunci, John Hall, suka haifa masa jika, Elizabeth, a 1608. Judith ce ta zame masa jarrabawa. Ranar 10 ga Fabrairu 1616, tana da shekara 31, ta auri Thomas Quiney, mai sayar da giya, ɗan wani tsohon abokin ubanta. An ɗaura auren cikin lokacin da coci ke hana aure sai da izni na musamman, ba su kuwa nemi iznin ba, kotun coci ta hukunta ango. Wannan bai wuce ba sai ga wanda ya fi shi muni: a tsakiyar Maris wata mata ta mutu wajen haihuwa tare da jaririnta, ranar 26 ga watan Thomas ya amsa a gaban kotun coci cewa cikin nasa ne. A ƙaramin gari irin Stratford kowa ya san irin kunyar da wannan zai jawo wa gida.

Ranar 25 ga Maris, yana cikin rashin lafiya, Shekisfiya ya sa aka gyara wasiyyarsa. Nan ne na ga halin mutumin. Bai tsine wa Judith ba, bai cire ta daga gado ba. Ya ba ta fam 150, ya ware mata wani fam 150 da sharaɗin ribarsa kawai za ta riƙa ci, mijin kuma ba zai taɓa uwar kuɗin ba sai ya mallaka mata ƙasa daidai darajarsu. Wato ya bar ta da mijinta, ya kuma kare ta daga mijin. Yawancin dukiyar ya bar wa Susanna. Matarsa Anne ya ambace ta da gadon kwana guda, wanda ya kira na biyu wajen kyau, maganar da masana suka daɗe suna gardama a kanta.

Ya rasu ranar 23 ga Afrilu 1616 yana da shekara 52, aka binne shi cikin cocin da aka yi masa baftisma. A ƙarshen shekarar Judith ta haifi ɗa namiji ta sa masa suna Shekisfiya, sai dai yaron bai yi tsawon rai ba. Anne ta rasu a 1623, Judith a 1662, zuriyarsa kuma ta ƙare da rasuwar jikarsa Elizabeth a 1670. Abin da ya rage shi ne rubutun, shi ma amana ce ta abokai ta tsirar da shi. A 1623 abokan aikinsa biyu, John Heminges da Henry Condell, suka tattara wasanninsa 36 cikin babban littafi guda. Guda 18 daga ciki ba a taɓa buga su ba, har da Makbes da Juliyas Siza da wanda marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Julius Nyerere na Tanzaniya ma ya mai da Juliyas Siza zuwa harshen Suwahili a 1963.

Abin da ya sa na zaɓe shi

Yanzu ga nawa labarin. Bayan farin 1973 mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya sami saɓani da maƙwabcinsa na gona a kan iyaka. Akwai gamba da aka shuka a tsakani da wani gawo, kowa na cewa gawon cikin tasa yake. Magana ta je gaban mai gari, ta wuce kotu, aka yanke hukunci, amma zukata ba su yanke ba. Gidajen biyu suka daina gaisawa, ba suna, ba biki, ta'aziyya ma sai a tsaya daga nesa. Mu yara muka tashi a haka. Tsofaffin duka biyu sun rasu, muka ci gaba da riƙo.

A 2018 'yata ta biyu, tana karatu a kwalejin horon malamai, ta gaya wa uwarta cewa akwai mai son ta da aure. Da aka faɗi gidansu sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi, jikan wancan maƙwabci ne. Ban tambayi halinsa ba, ban tambayi sana'arsa ko sallarsa ba. Na ce ba zai yiwu ba, na kuma kira sunan ɗan wani abokina na ce shi za ta aura bayan sallar layya. Yarinyar ba ta ɗaga mini murya ba. Ta dai yi shiru, abinci ya fita ranta, ta rame, dariyar da aka san ta da ita ta ɗauke. Uwarta ta yi mini magana sau biyu na kore ta da faɗa.

Wata rana ina neman wata tsohuwar takarda cikin akwatin ƙarfena na makaranta, sai ga littafin nan, bango ya yage, gara ta ci gefe. Na zauna a zaure ina buɗawa don nishaɗi. Da na kai inda na ja layi da jan biro, wato maganganun da na haddace na Kafulet, sai jikina ya yi sanyi. Wannan tsoho da farko mai sauƙin kai ne, shi ya ce a ɗan jinkirta auren don yarinyar ba ta isa ba, kuma sai da yardarta. Kwana biyu tsakani ya koma mai barazanar kora. Abin da na yi a dandamali da gemun alli ana dariya, shi nake yi a gidana da gemun gaske, ba kuma mai dariya.

Kada a fahimce ni a baibai. Abin da Romiyo da Juliyet suka yi na auren ɓoye da kashe kai, addininmu da al'adarmu ba su yarda da shi ba, ban kuma yi zaton 'yata za ta kai can ba. Haƙƙin uba ne ya bincika wanda zai ba 'yarsa, labarin Thomas Quiney ya isa shaida cewa ba kowane mai zuwa zance ne mutumin kirki ba. Amma ni ban bincika ba. Gabar da na gada na ɗora wa yaron da ba a ma haife shi ba lokacin da aka yi ta.

Washegari na tafi wurin Yaya, wanda shi ne babba a gidanmu yanzu, na durƙusa na gaya masa abin da ke raina. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya sa aka bincika yaron, aka tarar malamin firamare ne, ba wanda ya faɗi aibunsa. Limamin unguwarmu ya shiga tsakani, dattawan gidajen biyu suka zauna kan tabarma guda, karo na farko cikin fiye da shekara 40. Bayan haka muka ɗunguma zuwa gonar don a daidaita iyakar. Gawon ya daɗe da faɗuwa, kututturen ma an haƙe an yi itace da shi. Wurin da aka yi ta rigima a kai kunya ce 'yan kaɗan, ko a shekarar albarka dami biyu na gero ba za ta bayar ba. An ɗaura auren a 2019. Ɗansu na fari sunan mahaifina aka sa masa, kakansa na wancan gida ne ya zaɓa.

'Yan'uwa, lokacin da muka karanta littafin nan kowannenmu Romiyo yake ganin kansa. Yau in muka duba madubi, kusan dukanmu mun koma Kafulet da Montegu, mu ne waliyyai, mu ake tambaya. Wanda ke da littafinsa a akwati ya ciro ya sake karantawa, ya bar wuraren zancen soyayya da muka haddace, ya bi maganganun iyayen. Malaminmu kuma, in wannan mujalla ta iso hannunka, ka sani darasin ya shiga, ko da yake ya makara da shekara kusan 40.

Allah Ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ikon riƙe zumunci. Sai mun haɗu a taron shekara in Allah Ya kai mu. Wassalam.